Wuƙar da Baba Yake Wasawa da Hagu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukina, mahaifin maigidana, wanda nake kira Baba, ya rasu a nan Dubai cikin zafin shekarar 2014, a nan kuma aka binne shi. Ni ban yi karatu mai nisa ba. Amma na ji abin da aka riƙa faɗa a zaman makoki, na ga in na yi shiru, shi ke nan abin da za a riƙe a kansa. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutun.

Gidanmu a unguwar Karama ɗaki biyu ne da falo. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, takalman maza sun cika bakin ƙofa har sun gangara matakala. 'Yan kago, masu tura kaya gida daga kasuwar Naif, sun zo, Alhazan Kano masu saro kaya sun baro otal-otal ɗinsu na Deira sun zo. Mu mata muna cunkushe a kicin. Maƙwabciyata 'yar Kumasi ta ƙwace ludayi daga hannuna, ta ce, “Maame, yau ba ke za ki dafa ba. Kalas, magana ta ƙare, zauna.”

Bangon kicin ɗin ba shi da kauri, ni kuwa Allah ya yi ni da kunne. Na ji ana cewa mutum ne mai amana, kayan da ka ba shi ko allura ba ta ɓata. Na ji wani ya ce, “Allah ya jiƙan Alhaji mai wuƙaƙe,” aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya tambaya ko ɗan tauri ne da ƙuruciyarsa. Wani kuma ya rage murya ya ce wa maigidana, “Habibi, akwatin nan ka san yadda za ka yi da shi. Ka ga halin da ake ciki a gida yanzu. Bahaushe da akwatin wuƙaƙen soja, ba ka da bakin bayani.”

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a ƙirji, wata Hajiya ce ta faɗe shi a kusa da ni, tana cire ƙwallon dabino. Ta ce, “An ce har ya cika ba sa magana da ƙaninsa. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Mutum ya yi ta sallah a sahun farko, ya tafi da wannan a wuyansa. Allah dai ya kyauta.”

Na buɗe baki in ce mata ƙarya ne, na rufe, don ba ƙarya ba ne. Tun daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Abu ɗaya nake ta juyawa: shin Baba ya tafi wurin Ubangijinsa yana riƙe da ƙaninsa a zuciya?

Bari in faɗi yadda abin ya samo asali, kamar yadda maigidana ya ba ni labari, don tun kafin aurena ne. Mahaifin su Baba soja ne, yana cikin waɗanda Turawa suka kai Bama a yaƙin Hitila. Ya dawo da ciwon ƙafa da rashin son magana da wuƙa guda ɗaya. A wuyanta, dab da ƙota, akwai wani ɗan tambari kamar sawun kaza, ƙarƙashinsa kuma shekarar da aka ƙera ta. Tsohon bai taɓa ba 'ya'yansa labarin yaƙi ba, sai dai ya ɗora yatsa a kan tambarin ya ce, “Wannan ta je inda na je.” Duk Babbar Sallah da ita yake yanka ragon layya.

Da ya rasu, Baba yana yawon fatauci, sai wuƙar ta zauna a gidan gado a Kano, wurin ƙaninsa, wato Baffan maigidana. Baffa ya ci gaba da abin da ya ga ubansa yana yi, duk shekara ya wasa ta a dutse ya yi layya. Wata damina ta yi tsatsa jajur. Sallah ta matso, Baffa ya ga bai dace wuƙar ubansu ta fito gaban mutane a haka ba, ya kai wa mai injin washi ya ce a goge ta tas. Aka kuwa goge ta tas, har mutum yana ganin fuskarsa a jiki. Tsatsa ta tafi, sawun kaza ya bi ta, shekarar ma ta bi.

Baba ya zo Sallah, aka miƙo masa ita ana jiran yabo. Ya juya nan, ya juya can, ya ce, “Ka goge mana uba.” Baffa ya ce, “Haba Yaya, wuƙa ce fa. Kai kana can duniya, ni nake zaune da ita.” Magana ta hau kan magana a gaban mata da yara. Baba ya naɗe wuƙar ya sa a kayansa ya taho. Daga ranar ko gaisuwa sai ta bakin ɗan aike.

Nan ne neman wuƙaƙen soja ya kama Baba. Da farko 'yar'uwarta yake nema, mai irin tambarin da aka goge. Da ya samu ɗaya bai tsaya ba. Dubai kuwa gari ne da kowa yake wucewa da tarkacensa. Yana bin kasuwar tsofaffin kaya, yana hawa mota har Sharjah, yana jin labarin Baturen da zai koma ƙasarsu yana sayar da kayan gida.

Ni na zo a 2009, na tarar gwiwa ta fara hana shi zuwa ofishinsa na kago, ya bar wa ɗansa. Suruki da suruka a ɗaki biyu da falo, ai kunya ba ta samun wurin zama. Dabarar da muka yi, ba tare da mun yi shawara ba, ita ce shi ya zauna a darduma ya ba ƙofar kicin baya yana magana kamar da wuƙaƙensa yake, ni kuma in amsa kamar da tukunya nake. A haka muka yi shekaru muna hira, kuma wallahi ban taɓa samun abokin hira kamarsa ba.

“Mutane kaifi suke kallo,” in ji shi. “Kaifi kowa yana iya sa shi. Wuya ake dubawa.” Sai ya ɗauko gilashinsa mai ƙara girman abu. Sawun kazar nan, ya ce, kibiya ce, alamar kayan gwamnatin Ingila. In an ga harafi guda a ƙarƙashinta, to ta Indiya ce. Ta Amurka ƙotarta fata ce aka jera kamar faifai a kan faifai. Ta Japan tana da wasu zobba da suka hau juna. Ni duk ban taɓa riƙe su ba, amma in ya zaro ɗaya daga kube, daga ƙarar nakan ce, “Baba, ta Jamus ɗin ce ko?” Ya yi dariya ya ce, “Wannan tukunya tana da kunne.”

Ba ya goge tsatsa. Ko ɗis. Mai kawai yake shafawa da tsumma, kuma man keken ɗinkina ne. In na nema na rasa, na san inda yake. Sai in ce wa tukunya, “Man keken nan ƙafa gare shi.” Shi kuma ya ce wa wuƙa, “Ki gaya mata shwayya, ɗan kaɗan, aka ɗiba.” Washegari zan tarar da sabuwar kwalba a kan keken.

Wata rana wani Alhaji abokin cinikinsa ya kawo masa tsaraba, wuƙa mai ƙyalli, da tambari ɓaro-ɓaro, yana ta washe baki. Baba ya bi tambarin da farce, ya yi godiya har da addu'a. Bayan baƙon ya fita na ji ya ce, “Bara aka buga wannan. Tsohon tambari bakinsa ya kwanta, datti ya zauna a ciki. Sabo yana kartar farce.” Na ce, “Me ya sa ba ku gaya masa ba?” Ya ce, “Kuɗinsa sun riga sun tafi. In ƙara masa da kunya?” Ya ajiye ta tare da sauran.

Maigadin benenmu ɗan Nepal ne. Da Baba ya ji kakan mutumin ma ya yi yaƙin Bama, sai ya lallaɓa ya sauka da wata lanƙwasasshiyar wuƙa irin tasu, wadda ya sha wahala kafin ya samu, ya ba shi. Ya dawo yana haki ya ce, “Wa ya sani, ko ruwa ɗaya ne ya jiƙa kakansa da ubana.” Wannan shi ne mutumin. Zai kyautata wa wanda ko yarensa ba ya ji, amma ba zai ɗaga waya ya kira wanda suka sha nono ɗaya ba. Abin da na kasa haɗawa ke nan.

Layya a nan ba kamar gida ba ce. Ba a yanka a ƙofar gida, mayanka ake kai dabba, a dawo maka da nama a leda. Baba ya tsani wannan. Yakan ce, “Rago ban ga idonsa ba, shi ma bai ga nawa ba.” Sallata ta biyu a nan, ina fama da cinya da wata wuƙar Naif mai lanƙwashewa kamar marfin gwangwani, ina tsaki. Sai na ji ya tashi ya shiga ɗaki. Can sai ga hannu ta gefen ƙofa, da wata wuƙa naɗe a tsumma. Ƙotarta itace ce da ta yi baƙi, jikinta fayau, ba tambari ba komai.

Ya ce, “Riƙe wannan, 'yar nan. Ta gaji da kwanciya. Kada dai ki bar ta ta kwana da ruwa.”

Na ɗauka ita ce ƙasƙantacciya a cikin kayansa, tunda ba ta da abin da yake dubawa. Ko a mafarki ban kawo cewa wuƙar mahaifinsu ce ba. Ni a tunanina waccan tana can ƙasan akwati cikin farin ƙyalle. Wa zai ba suruka wuƙar ubansa ta yanka albasa?

Kaifi kam ba a magana. Aibinta ɗaya, karkacewa take yi. In na saita albasa, sai ta zame ta ci gefe. Na yi ƙorafi, ya ce, “Haka take. Ki bi ta a hankali.”

Duk Sallah shi yake wasa mini ita a ɗan dutsensa. Sai na lura da wani abu. Baba da dama yake komai, amma wannan wuƙar da hagu yake wasa ta. Kuma bai iya ba. Ya yi ta cije leɓe, yana gumi, har wata shekara ya yanke babban yatsa, jini ya ɓata darduma. Na miƙa masa auduga ta gefen ƙofa, na ce, “Baba, don Allah ku koma dama mana.” Ya ce, “A'a. Wanda ya daɗe yana wasa ta da hagu ya yi, bakin ya kwanta ta gefensa. In na bi ta da dama, na goge masa aiki.” Ya ƙara da cewa, “Shi kaɗai ne tambarin da ya rage mata.” Na zaci wani tsohon soja yake nufi, cikin mutanen da yake karantawa a jikin ƙarfe. Na koma kan tukunyata.

Sau ɗaya muka ɓata da shi. Labari ya zo cewa Baffa yana kwance, hawan jini. Ranar Sallah ce, Baba ya kira kowa a Kano, har maƙwabta. Na cire kunya, na fito falo na durƙusa, na ce, “Baba, saura mutum ɗaya.” Bai kalle ni ba. Na ce, “An ce Baffa ba shi da lafiya.” Ya ce, “An gaya mini.” Na ce, “To ai waya tana hannunku.” Ya ajiye wayar a ƙasa ya ce, “'Yar nan, tashi ki duba girkinki.” Ranar bai ci abincina ba. Washegari ya ci, ya yaba miya, ba mu sake tayar da maganar ba. Wannan ita ce Sallarsa ta ƙarshe.

Bayan wasu watanni, da hantsi abin ya same shi, yana zaune a dardumarsa. Ya ce ƙirjinsa, aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Na tambayi maigidana ko ya ambaci wani. Ya ce salati kawai.

Baffa bai samu jana'iza ba, biza ba ta fito da wuri ba. Ya iso ana shirin sadakar bakwai. Gaisuwa ɗaya ko biyu na taɓa yi masa a Kano, ban san shi sosai ba. Da ya shigo sai da gabana ya faɗi, don tafiyarsu ɗaya da Baba. Ya zauna a falo, mutane suna yi masa ta'aziyya yana amsawa kamar wanda ake tuhuma. Na aika abinci, ya dawo yadda yake.

Da aka watse bayan azahar na ji ya ce wa maigidana, “Ɗauko mini akwatin.” Aka janyo. Na ji ƙarar ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ana zarowa ana mayarwa. Can Baffa ya ce, “Ba ta nan.” Maigidana ya ce, “A sake dubawa, Baffa, ni ma na ɗauka tana ciki.” Shi ko shayi bai taɓa haɗa wa kansa ba, ina zai san abin da yake kicin. Aka zazzage akwatin har ƙasa.

Baffa ya ce, “Duk wannan ya tara, na Jamus, na Japan, na mutanen da bai sani ba. Ita kuwa da na taɓa, ya yar da ita.” Ya ƙara da cewa, “Ashe har nan abin ya kai. Ya tafi bai yafe mini ba.”

Ina kicin ina yanka naman sadaka, hawaye suna zubo mini, don abin da nake tsoro ne aka faɗa a fili. Bayan ɗan lokaci na ji tafiya, sai ga Baffa a bakin ƙofa yana neman ruwan shan magani. Na gyara mayafi, na ajiye wuƙar a kan katako zan ɗauko kofi. Da na juyo, ba ni yake kallo ba.

Ya ce, “'Yata, ina kika samo wannan?”

Na ce, “Baba ne ya ba ni. Ta daɗe a nan.”

Ya miƙa hannu ya ɗauka, kuma da hagu ya ɗauka. Ya juya ta, ya shafa wuyan nan fayau inda ba komai. Ya ce, “Ita ce. Ya ba ki ki yi aiki da ita?”

Na ce, “Kullum, Baffa. Albasa, nama, kabewa.”

Ya ɗaga bakin wuƙar saitin taga, ya rufe ido ɗaya. Ya daɗe a haka. Ya ce, “Wa yake wasa miki?”

“Baba.”

“Ba zai yiwu ba. Yaya badame ne. Wannan washin bahago ne, nawa ne, yadda na bar shi.”

Na zauna a kan buhun shinkafa. Na manta da kunya, na gaya masa duka: dutsen, da gumin, da yatsan da ya yanke, da abin da ya ce game da tambarin da ya rage. Ban ƙara ko kalma ba, don kunnena bai taɓa yi mini ƙari ba. Maigidana yana tsaye a bayansa yana ji.

Baffa ya ce, “Ya kira sunana?”

Na so in ce e. Wallahi na so. Na ce, “A'a, Baffa. Ban taɓa ji ba.”

“Ya ce ya yafe?”

“Bai ce ba. Abin da na gani da idona ne na gaya muku.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya share ido da hannun riga, ya ce, “Taurin kai. Tun muna yara haka yake. Ya yanke yatsa ya fi masa sauƙi a kan ya ce mini sannu.” Sai kuma ya ce, “Ni ma ina da waya.”

Akwatin, maigidana ya raba shi daga baya, wasu ga wani Bature da suka saba ciniki da Baba, wasu ga abokai. Ban hana ba. Ita Hajiyar dabino ban je na ba ta labari ba, don na san za ta ce washi ba sallama ba ne, kuma ba ni da amsar da zan ba ta. Har yau in na yi sallah ina jin haushin Baba da kewarsa a haɗe. Shekaru yana lallaɓa aikin ƙaninsa a jikin ƙarfe, ya kasa furta kalma guda. Ban sani ba ko hakan ya isa. Ina dai roƙon wanda ya san abin da yake cikin zukata ya duba hannun hagun nan da ya yi jini, ya yi wa Baba rahama, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da ubansa da ƙaninsa inda ba a ɓatawa.

A ranar dai, Baffa bai koma falo ba. Ya naɗe hannun riga ya ce, “Matso mini da naman nan, 'yata. Sadakar yayana ce.” Na ce, “Haba Baffa, a kicin?” Ya ce, “Yalla, maza matso da shi. Ba haka kuke cewa a nan ba?” Na tura masa katako. Ya yi bisimilla, ya danna tsoka da dama, ya ja da hagu. Na tsaya ina kallo. A hannunsa ba ta karkace ba.